Totur ya maƙale: abin yi a kan titi, da abin dubawa kafin a bar gida

Wata safiyar Talata ce cikin hunturu. Na goyo ɗana a babur zan kai shi makaranta, mun baro Aboabo mun nufi wajen Asawase, hanyar da nake bi kusan kullum a nan Kumasi. Sai wata trotro da ke gabana ta taka birki za ta ɗauki fasinja, ba sigina ba komai, kamar dai yadda suka saba. Na saki totur. Totur ya ƙi komawa. Inji ya ci gaba da kuka, babur na ƙara kutsawa, ni kuwa bayan motar nan kawai nake gani yana matso ni.

Allah ya taimake ni hannuna na hagu ya damƙe kuloci, ƙafata ta danne birkin baya. Da gudu ya ragu na miƙa hannu na murɗe makulli. Mun tsaya tsakaninmu da motar bai fi kamu ɗaya ba. Yaron bai ma san abin da ya faru ba, cewa ya yi, "Baba, me ya sa moto ke ihu?" Ni kuwa gwiwoyina rawa suke yi.

Na tura babur ɗin zuwa rumfar wani fita da ke bakin hanya, dattijo ne, da yaransa biyu masu koyon aiki. Ya murɗa totur sau biyu, ya ɗago kai ya dube ni. "Malam, tsakaninka da Allah, tun yaushe yake maka nauyi a hannu?" Na ce ya kai mako biyu. Bai ce komai ba. Ya kwance sukurori biyu na gidan totur, ya zaro kan wayar ya nuna mini: silin ƙarfe uku sun tsinke, sun yi cirko-cirko kamar bakin tsohuwar tsintsiya. Su ne suka kama cikin bututun suka hana wayar komawa. Kuɗin sabuwar waya bai kai na man da nake sha a kwana uku ba.

A zangunanmu babur ya zama ƙafar gida. Da shi ake kai yara makaranta, a ɗauko cefane, a kai mara lafiya asibiti, matasa da yawa kuma da okada suke ci da iyalinsu. Wanda ya san Tamale ko Wa ya san mata ma ba a bar su a baya ba wajen hawa. Amma mafi yawanmu birki da taya da mai kawai muke lura da su. Totur kuwa sai ranar da ya nuna halinsa.

Yadda abin yake aiki

Mafi yawan baburan da muke hawa, masu inji 100 zuwa 150cc irin su Boxer, Haojue, Apsonic, TVS da Royal, tsarin toturinsu kusan ɗaya ne. Robar da kake riƙewa a hannun dama tana manne ne a kan wani bututun roba mai tauri, shi kuma bututun yana juyawa a kan ƙarfen hannun babur. A jikinsa aka saƙala kan wata siririyar wayar ƙarfe, wadda aka tufka da sili-sili masu yawa. Wayar ta bi ta cikin baƙin bututu, ta gangara ta ƙarƙashin tanki har zuwa saman kabureta.

A cikin kabureta akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar gwangwani, fitoci na ce masa fistan ɗin kabureta, da allura a gindinsa. Idan ka murɗa totur, waya ta ɗaga shi sama, hanyar iska ta buɗe, allura ta ba mai hanya, inji ya ƙara ƙarfi. Idan ka saki, sifirin da ke ƙarƙashin murfin kabureta shi ke danna shi ya koma ƙasa.

A nan maganar take. A babur mai waya ɗaya, hannunka ja kawai yake iya yi. Mayarwa aikin sifirin ne shi kaɗai, kuma ƙarfinsa ba wani mai yawa ba ne. Duk abin da ya ƙara gurzuwa a hanya, ko ƙura ce, ko tsatsa, ko lanƙwasa, ko sili ɗaya da ya tsinke, zai iya fin ƙarfin sifirin ɗin. Shi ya sa manyan babura da yawa ake yi musu waya biyu, ɗaya ta buɗewa ɗaya ta rufewa. Sababbin babura masu injekta ba su da kabureta, wani faifai ne ke juyawa a maƙogwaron injin, amma yawancin ƙananan cikinsu har yanzu waya da sifirin ne ke sarrafa shi, don haka su ma ba su tsira ba.

Idan ya same ka a kan titi

Babur da ke gudun kilomita 50 a awa, wato iyakar gudun da doka ta yarda da shi a cikin gari, yana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Sakan biyu na ruɗewa, ka ci mita 28. A titin Nima ko cikin Alabar, mita 28 ta ƙunshi mai tallan lemo, da ɗan makaranta, da akuya, da kwata. Saboda haka abin da za ka yi ya kamata ya zauna a hannunka tun kafin ranar.

Na farko, kama kuloci gaba ɗaya. Da ka kama, ka raba inji da tayar baya. Injin zai yi ƙara mai ban tsoro domin ba ya jan komai, amma kada ƙarar ta sa ka saki. Sakin kuloci a wannan lokaci shi ke cilla babur gaba ya jefar da na baya.

Na biyu, taka birkin baya, ka haɗa da na gaba a hankali. Kada ka fizgi birkin gaba da ƙarfi alhali inji na tura tayar baya, musamman a kan yashi ko titi mai laima. Faɗuwa ce kai tsaye.

Na uku, kashe inji. Idan baburinka na da jan maɓallin nan na gefen dama, babban yatsa ya isa. Ba kowane ƙaramin babur ke da shi ba, to idan babu, sai gudu ya ragu ka miƙa hannu ka mayar da makulli wajen kashewa. Mataki ɗaya kawai, kada ka danna shi ka zarce zuwa wajen kulle kai. Kada kuma ka bar injin yana ihu ba kaya na dogon lokaci, yana iya lalacewa. Idan da dare ne, ka tuna fitila za ta mutu tare da injin, don haka ka karkata gefen hanya tukuna.

Kana iya gwada murɗa totur gaba da ƙarfi. Idan robar hannun ce ta cije, zai koma. Idan kuwa matsalar na cikin waya ko kabureta, kuma wayarka ɗaya ce, murɗawar ba za ta yi komai ba, don waya ba ta turawa.

Masu ƙananan babura marasa hannun kuloci, irin wanda a arewa ake ce wa Mapuka, su ba su da matakin farko. Nasu shi ne birki biyu tare, sannan makulli da hannun hagu ba tare da ɓata lokaci ba. 'Yan uwa mata masu hawa irin wannan da yaro a gaba, don Allah ku gwada kai hannu wajen makulli ba tare da kallo ba, a tsaye a ƙofar gida, har hannun ya saba.

Bayan ka tsaya, kada ka ce bari in lallaɓa in ƙarasa. Abin da ya maƙale sau ɗaya zai sake. Tura shi ko ka kira fita.

Gwajin da bai kai minti ɗaya ba

Dattijon nan ya sa ni yin wannan gwaji a gabansa har sau uku kafin ya bar ni na tafi.

Inji a kashe, murɗa totur har ƙarshe ka saki. Ya kamata ya koma da kansa nan take, ka ji ɗan "ƙas" daga wajen kabureta, alamar fistan ya sauka ƙasa. Idan yana komawa da jan ƙafa, ko ya tsaya a tsakiya, ko kana jin kamar akwai yashi a ciki, akwai magana. Juya kan babur ƙarshen dama ka sake, juya ƙarshen hagu ka sake.

Sai ka duba wasan totur, wato ɗan juyin banza da yake yi kafin waya ta fara ja. Littattafan Honda na ƙananan babura suna ba da milimita 2 zuwa 6, a auna a bakin robar hannu. Idan kana da littafin baburinka, bi abin da ya ce. Idan babu wasa ko kaɗan, waya ta yi tsauri.

Daga nan ta da inji a giyar banza, ka bar shi a silo, ka juya kai dama da hagu har ƙarshe ba tare da taɓa totur ba. Sautin injin bai kamata ya canza ba. Idan ya ɗaga da ka juya, waya ta yi gajarta, ko ta yi tsauri, ko an bi da ita ta inda bai dace ba. Irin wannan babur shi ne ke zabura da mutum a daidai lokacin da yake shan kwana.

Bin sawun matsalar

Wurare uku ne kawai: hannu, waya, kabureta. Dabarar ita ce a raba su, a gwada kowanne shi kaɗai, maimakon a yi ta zuba mai ana fatan alheri. Kafin ka fara, kashe inji ya huce, rufe famfon mai, ka yi nesa da kurfoti da murhu da masu shan taba. A gidajen haya na zango inda ake girki a tsakar gida, gara ka fitar da babur waje.

Fara da hannu. Kwance sukurorin gidan totur, zare kan wayar daga bututun, ka juya bututun shi kaɗai. Ya kamata ya juya sakayau. Idan ya cije, duba ko bakin robar na goga jikin gidan maɓallai, ko ƙarshenta na goga ƙarfen da ake toshe bakin hannu da shi. Sau da yawa bayan babur ya faɗi ta dama, ƙarshen bututun kan murƙushe ko ƙarfen hannun ya ɗan lanƙwashe. Wani lokaci gam ɗin da aka manna sabuwar roba da shi ne ya zubo ciki. Wani lokaci kuma kayan ado ne: igiyoyi, tsumma, robar taya da ake naɗawa, ko abin riƙe wayar salula da aka ɗaure dab da totur. Zare bututun, goge ƙarfen da tsumma da ɗan kananzir, idan akwai tsatsa a goge ta, a shafa mai mara kauri kaɗan, a mayar. Wajen mayarwa, gidan totur yakan zo da ɗan haƙori da ke shiga rami a jikin ƙarfen hannu. Tabbatar ya shiga kafin ka ɗaure.

Idan hannu lafiya lau ne, koma kan waya. Ja kanta da yatsu ka saki, ka ji ko tana tafiya sumul. Duba bakinta na sama da na ƙasa da kyau, don a nan sili ke fara tsinkewa, wajen da take lanƙwasa ta shiga ƙarfen gwiwa. Bi baƙin bututun da ido da hannu har ƙarƙashin tanki. Nemi inda ya karye, ko ya tsage, ko ya narke saboda ya taɓa kan inji, ko tanki ya danne shi, ko wani ya ɗaure shi tam da waya a jikin firam. Masu ɗora buhu ko jarka a kan tanki, da masu rataye ledoji a hannun babur, su ma sukan matse wayar ba su sani ba. A aboboyaa wayar ta fi tsawo, wuraren da za ta iya maƙalewa ma sun fi yawa.

Hukuncin waya mai sauƙi ne. Idan ko sili ɗaya ya tsinke, ko bututun ya karye, a canza. Idan bushewa ce kawai da datti, a ba ta mai. Ga yadda fitoci ke yi: cire wayar, huda kusurwar 'yar leda, zura bakin bututun a ciki ka ɗaure da roba, zuba mai mara kauri kamar na keken ɗinki, ka rataye ta a tsaye kana jan wayar sama da ƙasa har man ya ɓullo ta ƙasa. Da farko zai fito baƙi, ci gaba har ya washe. Wasu wayoyin na zamani suna da shimfiɗar roba mai santsi a ciki wadda ba ta son kowane irin mai, to idan irin wannan ce ta fara nauyi, canzawa ya fi.

In za ka sayi sabuwa, ko a Suame Magazine ne ko Abossey Okai ko shagon unguwa, tafi da tsohuwar a hannu. Gwada tsawon bututun, da tsawon wayar da ta leƙo waje, da siffar kawunan. Waya na iya kama da taka a ido amma ta gaza da ɗan yatsa, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya riƙe fistan a sama. Kafin ka zare tsohuwar, ɗauki hoton hanyar da ta bi da wayarka, ka mayar da sabuwar ta nan daidai.

Idan hannu da waya duk lafiya, saura kabureta. Murɗe murfin saman, zaro sifirin da fistan da allura tare. Duba sifirin ko ya karye ko ya yi tsatsa. Duba jikin fistan ko ya yi zane-zane, alamar ƙura na shiga tana cin sa. Duba allura ko ta lanƙwashe. Babur da ya daɗe a ajiye, misali mai shi ya yi tafiya wata da watanni, tsohon fetur kan bushe ya bar wani danƙo mai kama fistan. A wanke da fetur mai tsabta ko maganin wanke kabureta, a share da tsumma mara gashi. Ba a shafa wa fistan giris. Idan an gama, ya kamata ya zame cikin raminsa da nauyin kansa. Idan ya ƙi duk da wanki, mai yiwuwa jikin kaburetar ya murɗe, abin da kan faru idan an ɗaure notocinta fiye da kima. Wannan sai fita.

Wajen mayarwa ake yin kuskuren da ya fi haɗari. A jikin fistan akwai dogon tsagi da ke bin wani ɗan ƙusa a cikin ramin, gindinsa kuma an yanke gefe ɗaya a karkace. Wannan yankakken gefen yana kallon wajen matatar iska ne. Idan aka juya shi, fistan zai tsaya a sama, kana ta da inji ya kama ihu kamar zai tashi. Saboda haka bayan ka rufe murfin, ka tabbata haƙoransa sun hau daidai, ka murɗa totur ka saki sau da yawa ka ji "ƙas" ɗin nan kafin ka taɓa kik. Ranar farko ka ta da shi a kan tsayuwar tsakiya, a giyar banza, hannu na kusa da makulli.

Daga ƙarshe daidaita wasan. Kusa da hannu akwai ɗan dogon noti a jikin wayar da wani siriri mai kulle shi. Sassauta siririn, murɗa dogon ciki idan kana son ƙarin wasa, waje idan kana son ragewa, sannan ka kulle. Maimaita gwajin juya kai.

Ba kowane ihun inji ne maƙalewa ba

Akwai lokacin da totur ke komawa lafiya, ka ji "ƙas" ɗinsa, amma inji ya daɗe bai sauka ba, ko silo ya yi ta hawa da sauka. A nan a duba wasu wurare. Ko an manta cok a ɗage. Ko wani ya murɗa sukurun silo ya yi yawa. Ko kuma, wanda ya fi yawa, robar da ta haɗa kabureta da inji ta tsage tana shan iska ta gefe. Wanda bai gane ba sai ya canza waya sau biyu a banza, alhali 'yar roba ce ta tsufa.

Gyaran da ke jawo wani gyaran

Na tambayi dattijon abin da ya fi gani a hannun masu babur. Ya ƙirga mini da yatsu. Zuba baƙin mai da aka juye daga inji a cikin waya: kwana biyu za ta yi laushi, daga nan ƙura ta haɗu da shi ya zama kamar kwalta. Yanke silin da ya tsinke da filaya a mayar da wayar: sauran suna nan tafe. Miƙe sifirin da hannu ko sa wanda ya fi ƙarfi don ya rinjayi waya mai ciwo: an rufe alamar, ciwon na nan. Goge fistan da takardar yashi har ya rame: zai daina kamawa, amma iska za ta riƙa wucewa ta gefensa, silo ba zai sake zama daidai ba. Sai kuma cire matatar iska gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu. A cikin hunturu, wannan daidai yake da ɗebo yashi da hannu a zuba wa kabureta.

Yanayinmu ma ba ya raga wa wayar totur. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce, ta fi tsanani a arewa. Damina ta zo da ruwa mai shiga ta bakin bututu, a Accra da Takoradi kuma iskar teku na gaggauta tsatsa. Masu wanki da injin feshi sukan harba ruwa kai tsaye cikin gidan totur, gara ka ce musu su kauce wa wurin. 'Yar robar da ke rufe bakin waya a saman kabureta, idan ta yage a canza ta, ita ke hana ruwa da ƙura gangarawa ciki. Mai hawa kullum, musamman ɗan okada, ya sa wa kansa al'adar ba waya mai da wanke matatar iska duk lokacin da ya je juye baƙin mai, tunda dama babur na hannun fita.

Iyaye masu ba yara manya aron babur, da masu ba da babur haya ana kawo musu kuɗi da yamma, nauyin nan yana wuyanku ku ma. Yaron da aka ba babur ba lalle ya faɗa maka totur na nauyi ba, tsoro yake kada a ce shi ya ɓata. Kai za ka murɗa ka ji da hannunka.

Da zan tafi ran nan, na ciro kuɗi na biya, dattijon ya naɗe tsohuwar wayar ya miƙo mini. Na ce me zan yi da ita? Ya ce, "Kai dai tafi da ita, Malam. Ka rataye inda kake ajiye makulli." Tana nan a ƙusa bayan ƙofa. Kowace safiya kafin yaron ya hau, sai na murɗa totur na saki, dama, tsakiya, hagu. Yanzu har ya haddace, idan na yi gaggawa shi ke tuna mini: "Baba, ba ka yi ƙas ba."